Asusun Ɗalibai: Ƙungiyar Ajiya da Rance a Makarantar Sakandare

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

  Yau da 'yan makarantar sakandare za mu yi magana, da iyayensu, da malamansu. Uwa, in ɗanki ko 'yarki na kusa, ki kira su su zauna. Malam, in kana sauraro, ka ƙara murya kaɗan, don akwai naka kason a ciki, kuma mai nauyi ne.

Tambayarmu ita ce: yara 'yan shekara 15 zuwa 17 za su iya kafa ƙungiyar ajiya da rance a cikin makarantarsu, su riƙe littafi, su ƙirga kuɗi, su zaɓi shugabanninsu, shekara ta zagayo ba a nemi ko kwabo an rasa ba? Ni dai na ce za su iya. An yi a wasu ƙasashe, ana kuma kan yi.

Bari mu je ƙasar Kanada, wani gari da ake kira Lebis a lardin Kebek, inda ake magana da Faransanci. Akwai wani mutumin garin mai suna Alphonse Desjardins, tsohon ɗan jarida, wanda aikinsa shi ne rubuta muhawarar 'yan majalisar dokoki a birnin Ottawa. A shekarar 1897 yana zaune yana rubutu sai ya ji wani ɗan majalisa yana ba da labarin mutumin da masu ba da bashi da ruwa suka ɗora wa kuɗin ruwa har kashi 3,000 cikin ɗari. Abin ya tsaya masa a rai. Bankuna ba sa kallon leburori da ƙananan manoma, shi ya sa talaka ba shi da wurin zuwa sai hannun masu tsotse shi. Ya shafe shekara uku yana rubuta wasiƙu zuwa Turai, yana tambayar yadda ƙungiyoyin gama-kai na Jamus da Italiya suke aiki. Ranar 6 ga Disamba 1900 shi da mutanen garinsu suka kafa tasu ƙungiyar, aka buɗe karɓar ajiya ranar 23 ga Janairu 1901. Ajiyar farko da aka kawo santi 10 ce. Da aka tashi a ranar, abin da aka tara duka dala 26 da santi 40 ne. Ofis ɗin kuwa cikin gidansa yake, kuma duk lokacin da aiki ya riƙe shi a Ottawa, matarsa Dorimène ce ke riƙe da littattafan kuɗin.

Abin da ya sa na kawo labarinsa shi ne abin da ya yi a 1907. Ya shigar da ajiyar cikin makarantun Lebis, yara suna kawo 'yan santinsu, ana rubutawa. Mutumin ya gane cewa wanda ya girma bai saba ajiya ba, da wuya ya koya bayan ya yi iyali, buƙatu sun yi masa rubdugu. Yau ƙungiyar Desjardins tana da miliyoyin mambobi, tana cikin manyan cibiyoyin kuɗi na Kanada, kuma ajiyar makarantu ba ta mutu ba. Daga baya aka samu makarantun sakandare a Kebek inda ɗalibai da kansu suke zama kwamitin gudanarwa. Desjardins ne kuma ya taimaka aka kafa irin wannan ƙungiya ta farko a Amurka, a garin Manchester na jihar New Hampshire, a 1908. A Amurkar yau akwai makarantun sakandare da dama masu ɗan reshe a cikin harabarsu: wata babbar ƙungiya mai rajista ce ke ɗaukar nauyi, ɗalibai ke zama a kanta suna karɓar ajiya, ma'aikacin ƙungiyar yana tsaye yana lura, hukumar gwamnatin tarayya kuma ta ba da inshorar ajiyar kowane mamba har dala 250,000.

Wani zai ce wannan ai abin Turawa ne. A'a. A Jirapa da ke arewa maso yammacin Ghana, wani limamin Kirista mai suna John McNulty ya kafa irinta tun 1955, kuma ita ake lissafawa ta farko a Afirka. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta Ghana tana da kulob-kulob na ajiyar matasa a makarantun sakandare. A yankin Maraɗi kuwa, a 1991, aka fara Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE: mata suna haɗuwa mako-mako, suna zubi, suna ranta wa juna, ƙarshen zagaye su raba. Tsarin ya fita daga ƙasar Hausa ya bazu ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya. Matan da da yawansu ba su taɓa shiga aji ba sun riƙe akwati shekara da shekaru. To ɗan aji biyar da ke warware lissafin aljabara, me zai hana shi?

Sai dai a bambance wannan da adashi. A adashi kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe, a jira zagaye, kuma duk amanar tana wuyan uwar adashi. A ƙungiyar ajiya da rance kuɗinka yana nan da sunanka, ka ƙara lokacin da ka samu, ka cira bisa ƙa'ida. Mambobi su ne masu ƙungiyar. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi: ɗan Alhaji mai ajiyar naira 20,000 da marayan da ke kawo naira 50, ranar zaɓe hannunsu ɗaya. Wannan ƙa'ida tun daga mutum 28 na garin Rochdale a Ingila, waɗanda suka buɗe kantin gama-kai a 1844, ake riƙe da ita, kuma ina ganin ita kaɗai ta isa dalilin da za a kawo abin cikin makaranta.

(Gajeren kiɗa)

To, a ce an kafa. Bari in nuna muku yadda ranar ajiya ya kamata ta kasance, don duk sirrin yana nan.

Ranar Laraba ce, an kaɗa ƙararrawar fita tara. A barandar ɗakin karatu an ajiye tebur ɗaya da benci, ɗalibai uku suna zaune, malami mai kula yana gefe a kan kujera, bai taɓa kuɗi ba, ba zai taɓa ba. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta zo da naira 200 a dunƙule cikin tafin hannu, ragowar kuɗin tararta na mako. Ta miƙa tare da ɗan littafin ajiyarta. Na farko ya warware takardun, ya ƙirga da ƙarfi yadda kowa zai ji: ɗari, ɗari biyu. Ta biyu ta rubuta kwanan wata da adadi a littafin yarinyar, ta haɗa da abin da take da shi a baya, ta faɗa mata jimla a hankali, ita kaɗai. Na uku ya shigar da adadin a babban littafi, ya yanki rasit mai lamba, ya ba ta na sama, kwafin ya zauna. Yarinyar ta sa hannu, ta tafi. In an yi kuskure wajen rubutu, ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi. Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu.

Da an koma aji, su ukun ba su tashi ba tukuna. Za su ƙirga abin da ke cikin akwati, su haɗa jimlar rasit, su haɗa jimlar babban littafi. Dole ukun su zo ɗaya. In naira 50 ta yi ɓatan dabo, a sake ƙirgawa. In ba a gan ta ba, a rubuta cewa yau an samu giɓin naira 50, kowa ya sa hannu, a kai wa kwamitin bincike. Kada malam ya ciro hamsin daga aljihunsa ya cike don a huta. Na san da kyakkyawar niyya zai yi, amma ranar da ya yi haka ya koya musu cewa giɓi abu ne da ake rufewa. Yaron da ya saba rubuta giɓin naira 50 da hannunsa, shi ne gobe in ya zama akanta a ma'aikata ba zai iya barci da giɓin miliyan ba.

Akwatin kuma a yi koyi da ƙungiyoyin matan karkara: na ƙarfe, kwaɗo uku, makulli uku a hannun mutum uku, mai ajiye akwatin kuma ba ya riƙe makulli ko ɗaya. Wannan ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga yaron kirki, don ranar da aka ce wani abu ya ɓace, ba wanda zai nuna shi da yatsa shi kaɗai.

Kuɗi kada su kwana a makaranta. Mu yi ɗan lissafi: a ce ɗalibai 200 ne, kowa yana kawo naira 200 a mako. Naira 40,000 ke nan duk mako. A zango mai mako 12, an tara naira 480,000. Wannan ba kuɗin da za a bari a durowar ofis ba ne. A ranar da aka karɓa a ranar za a kai banki mai lasisi, cikin asusu mai sunan ƙungiyar. A Nijeriya hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiyar da ke bankuna masu lasisi, har da ƙananan bankuna, amma ba ruwanta da abin da ke cikin akwati ko aljihun wani. Tunda yawancin ɗaliban ba su kai shekara 18 ba, manya ne za su sa hannu a banki: malami ɗaya, da uba ko uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ba za su fitar da ko sisi ba sai da takardar da shugaba da ma'ajin ɗalibai suka sa wa hannu. Duk wata a karɓo bayanin asusu daga banki, kwamitin bincike na ɗalibai ya gwada shi da babban littafi, a liƙa jimlar a allon sanarwa. Jimla kawai. Abin da wane ya ajiye sirrinsa ne.

Yanzu ga maganar da na ce mai nauyi ce, malamai, ku yi mini haƙuri. Abin da na fi ji wa irin wannan ƙungiya tsoro shi ne manya. Wata rana famfon makaranta zai lalace, ko alli ya ƙare, ko baƙi su taso daga ma'aikatar ilimi, kuɗin gudanarwa bai zo ba. Shugaban makaranta zai kira ma'aji, yaro ɗan shekara 16, ya ce, "Ɗana, ku ara mana dubu hamsin, da kuɗi sun shigo za mu mayar." Ku gaya mini, wane yaro ne mai tarbiyya zai dubi shugaban makarantarsa ya ce a'a? Babu. Mu muka koya masa kada ya yi musu da babba. Saboda haka tun ranar farko a rubuta cikin kundin dokokin ƙungiya, a karanta a gaban iyaye: makaranta ba ta cin bashin ƙungiya, malami ba ya ci, shugaba ba ya ci, ko da na kwana ɗaya ne. In an zo wa yaro da buƙatar, sai ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ce ta hana, ba ni ba." Dokar ta faɗi abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba. Shugaban makaranta na gari shi zai fara neman a sa wannan sharaɗi, don yana kare wanda zai gaje shi ma.

Haka kuma kada a mayar da ajiyar haraji. Da zarar an ce dole kowane ɗalibi ya kawo naira kaza duk mako, wanda bai kawo ba a tsayar da shi a rana, to an kashe abin. Akwai yaron da ke zuwa makaranta bai karya ba. Shiga da son rai ne, da takardar amincewar iyaye. A sa mafi ƙarancin ajiya ƙasa sosai, a kuma sa iyaka a sama, yadda in yaro ya zo da kuɗin da ya fi ƙarfinsa za a tuntuɓi gida kafin a karɓa. A makarantar da ke haɗe maza da mata, a tabbata 'yan mata suna cikin kwamiti da teburin karɓar kuɗi, ba rubuta sunayen mahalarta taro kawai ba.

(Gajeren kiɗa)

Sai batun rance. Shawarata, shekarar farko kada a ranta wa kowa. A koyi ajiya da riƙe littafi tukuna. Yara da yawa abin da suke buƙata ma ba bashi ba ne, wuri ne da kuɗinsu zai tsira daga hannunsu har lokacin rajistar jarabawar WAEC ko NECO ko JAMB. Wanda ya fara tun aji huɗu, kafin ya kai aji shida ya rage wa mahaifinsa wani abu, kuma duk uban da ya taɓa sayar da akuya ko buhun masara a kan kuɗin jarabawa ya san darajar wannan ragin.

In an shiga shekara ta biyu littattafai suna tsaf, sai a buɗe rance kaɗan, a kan abubuwan da aka ambata da suna: littafin karatu, cikon kuɗin jarabawa, ɗan jarin sana'ar hutu. Uba ko uwa ko mariƙi ne zai sa hannu, don a doka yaro ba ya ɗaukar nauyin bashi. Kada a sa aboki ya tsaya wa aboki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bai kamata ya raba 'yan aji ɗaya da gaisawa ba.

Na san tambayar da ke bakin da yawa daga cikinku: kuɗin ruwa fa? Gaskiya ne, a Kanada da Amurka waɗannan ƙungiyoyi suna ɗora ruwa a kan rance, sai dai mai sauƙi. Mu a nan yawancin iyaye ba za su yarda da wannan ba, kuma ba sai an bi ta nan ba. Tun 1963 aka gwada bankin ajiya marar ruwa a garin Mit Ghamr na ƙasar Masar ƙarƙashin Ahmad al-Najjar, wanda shi ma daga bankunan ajiya na Jamus ya ɗauko dabarar. A Nijeriya bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Ƙungiyar ɗalibai tana iya ba da rance a mayar da daidai abin da aka karɓa. Rubuta bashi da kafa shaidu kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka. A gayyaci malamin addini na makarantar ya duba kundin dokoki kafin a amince da shi. Inda akwai ɗalibai Kiristoci, a zauna da kowa, tsarin da ba ruwa ba ya cutar da kowa.

To daga ina za a samu kuɗin sayen rasit da littattafai, har a raba wani abu a ƙarshen shekara? Daga ciniki. Kowane mamba ya sayi hannun jari ɗaya lokacin shiga. Da wannan jarin a saro littattafan rubutu da biro da kayan lissafi a farkon zango, a sayar a makaranta da riba kaɗan, ƙasa da farashin bakin ƙofa. Amma a kiyaye: jari daban, ajiya daban, littafinsu ma daban. Jari shi ke shiga kasuwa, yana iya riba, yana iya faɗuwa, kuma a gaya wa mambobi haka ƙarara tun farko. Ajiya amana ce, ba a shiga kasuwa da ita.

Akwai wani abin da ba zan ɓoye wa yara ba. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Naira 1,000 da aka ajiye a farkon shekara ba ta sayen abin da take saye a ƙarshenta. Don haka ajiyar ɗalibi ta zama mai manufa da wa'adi, zango ɗaya, shekara ɗaya, a cira a biya buƙata. Malamin tattalin arziki kuma ya samu darasi a hannu: ya sa su rubuta farashin dozin ɗin littafi a zangon farko, su gwada da na zango na uku.

Ku tuna MMM, da ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Har yau irinta suna fitowa a waya da sababbin sunaye, kuma matasa suke fara kamawa. Yarinyar da ta zauna a teburin nan, ta ga da idonta cewa sai an sayar da littafi dozin-dozin kafin a ga ribar 'yan ɗaruruwa, in aka ce mata kawo dubu goma ki karɓi dubu goma sha uku, za ta tambaya: me kuke sayarwa?

Game da rajista, kada makaranta ta yi gaban kanta. A Nijeriya akwai dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993, kowace jiha kuma tana da ofishin da ke yi musu rajista da duba littattafansu. A je can da wasiƙar shugaban makaranta, a nemi jami'i ya zo ya horar da kwamiti. Akwai Kwalejin Gama-kai ta Tarayya a Kaduna, wadda aikinta ke nan. Hanya mafi sauƙi ita ce irin ta Amurka: a jingina da wata ƙungiya mai rajista ko ƙaramin banki mai lasisi, su riƙe kuɗin, ɗalibai su riƙe tebur da littafi. Masu sauraronmu na Nijar da Ghana da Kamaru, ku ma ku fara da hukumar da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi a wurinku.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya bambanta ƙungiyar makaranta da kowace iri: duk shekara mambobinta mafi ƙwarewa suna tafiya. In aka bar muƙamai a hannun 'yan aji shida, ranar da suka gama jarabawa ƙungiyar ta bi su. Don haka 'yan aji biyar su riƙe shugabanci da ma'aji da sakatare. 'Yan aji huɗu su zauna kusa da su a tebur suna koyo. 'Yan aji shida, da suka riga suka san inda kuskure ke ɓuya, su zama kwamitin bincike. A yi babban taro a zango na uku, ma'aji ya miƙe gaban mambobi da iyaye ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a yi tambayoyi, a yi zaɓe, a miƙa makullai da littattafai a rubuce. Duk mai barin makaranta a biya shi ajiyarsa da jarinsa cif kafin ya fara jarabawar ƙarshe, ya sa hannu ya karɓa. Wanda aka canza wa makaranta a tsakiyar shekara, ko yarinyar da aka cire, a bi su har gida da kuɗinsu. A rubuta ma yadda za a raba komai in wata rana ƙungiyar ta tsaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kundin dokokin sashe-sashe, yadda malami da ɗalibansa za su iya zama su rubuta nasu. Ku tanadi biro da takarda.  

(Kiɗan rufe shiri)